Fengwin: Tsuntsun Afirka Da Ake Ɗauka Na Ƙanƙara Ne Kawai

A duk ranar 25 ga Afrilu ake bikin Ranar Fengwin ta Duniya, lokacin da zafi a Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Ga mazaunin gari irin wannan, fengwin, tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ƙirji da ake gani a talabijin yana tafiya a tsaye yana rangaji, halitta ce ta wata duniya mai ƙanƙara. Sai dai da yawa daga abin da ake faɗi a kansa kuskure ne.

Ba duka ke zaune a ƙanƙara ba

Masana sun ƙidaya nau'o'in fengwin kimanin 18. Kaɗan ne daga cikinsu, kamar Emfara da Adeli, suke hayayyafa a gaɓar nahiyar Antatika. Sauran suna tsibirai da gaɓar tekun Ajantina, Chile, Peru, Ostireliya, New Zealand da kudancin Afirka. Har a tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, daidai kan layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, akwai wani nau'i. Abin da fengwin ke buƙata shi ne ruwan teku mai sanyi mai yalwar kifi.

Babu shi a ƙuryar arewacin duniya

Zane-zanen yara da tallace-tallace kan haɗa fengwin da farar dabbar beyar a wuri guda. A zahiri ba sa haɗuwa: beyar ɗin tana yankin Aktik a arewa, fengwin kuma kusan gaba ɗaya yana kudancin duniya.

Ba kifi ba ne

Tsuntsu ne mai gashi, yana yin ƙwai, yana shaƙar iska. Kamar jimina, ba ya tashi, amma fukafukansa sun zame masa filafilin ninkaya. Emfara, wanda tsayinsa ya haura mita ɗaya, kan nutse fiye da mita 500. Namijinsa ne ke ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa na kimanin wata biyu ba tare da cin abinci ba. Mafi ƙanƙanta kuwa, da ke Ostireliya da New Zealand, nauyinsa kimanin kilo ɗaya ne.

Afirka ma tana da nata

Fengwin na Afirka yana hayayyafa a Afirka ta Kudu da Namibiya, inda igiyar ruwan Benguela mai sanyi ke kawo ƙananan kifaye. Masu yawon buɗe ido kan je ganinsa a bakin tekun Boulders kusa da Cape Town. Akwai shi kuma a tsibirin Robben, inda aka tsare Nelson Mandela. Kukansa kamar na jaki ne, kuma fatar da ke saman idonsa, mai launin ruwan hoda, tana taimaka masa wajen rage zafin jiki.

Wannan nau'i ne yake cikin haɗari mafi girma. Shekaru da dama an riƙa kwashe ƙwansa don ci, an kuma kankare tarin kashin tsuntsaye da yake haƙa sheƙarsa a ciki don yin taki. A watan Yunin 2000, jirgin ruwan Treasure ya nutse kusa da Cape Town, man da ya malala ya shafi fengwin kimanin 19,000. Yanzu babbar matsalarsa yunwa ce, domin jiragen kamun kifi suna dibar sardin ɗin da yake ci, sauyin yanayi kuma yana kora kifin nesa da wuraren hayayyafarsa.

A watan Oktoban 2024, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin rukunin da ke dab da ƙarewa, nau'in fengwin na farko da ya kai wannan mataki. A watan Maris na 2025, wata babbar kotu a Pretoria ta amince da hana kamun sardin da dangoginsa don kasuwanci na shekara 10 a kewayen manyan wuraren hayayyafarsa guda shida.