Shekara 11 Tsakanin Karatu na Farko da Sa Hannu

A ƙa'ida, hanyar da ƙudurin doka ke bi a Majalisar Wakilan Najeriya ba ta da tsawo. Akawu zai karanta sunansa kawai, karatu na farko ke nan. A karatu na biyu ne ake tafka muhawara kan manufarsa, sai Kakaki ya nemi ƙuri'ar murya ya buga guduma. Daga nan ƙuduri ya tafi gaban kwamiti, a saurari ra'ayin jama'a, ya dawo zaure a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Idan ana so, makonni kaɗan sun isa. Amma ƙudurin 'Yancin Samun Bayanai sai da ya ga majalisu uku da shugabannin ƙasa uku.

Tun 1993, zamanin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa da wasu masu kare haƙƙin jama'a suka fara tsara daftarinsa. Abin da suke nema shi ne ɗan ƙasa ya sami damar ganin takardun gwamnati, domin dokar sirri ta 1962 ta sa ma'aikaci na tsoron nuna ko da fayil ɗin kwangila. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, wasu 'yan majalisa suka ɗauki nauyinsa, aka yi masa karatu na farko da na biyu a farkon 2000, lokacin Ghali Umar Na'abba na Kakaki. Sai ya maƙale tsakanin kwamiti da zaure har wa'adin majalisar ya ƙare a 2003.

A nan gizo ke saƙar. Duk ƙudurin da bai zama doka ba kafin shekara huɗun majalisa su cika, ya mutu tare da ita. Wanda ba ya son ƙuduri ba sai ya fito ya yi adawa da shi a bainar jama'a ba. Ya isa ya tabbatar ba a sa shi cikin jadawalin zama ba.

Aka sake shi daga farko a zamanin Kakaki Aminu Bello Masari, wakilai suka amince da shi a watan Agustan 2004. Majalisar Dattawa ba ta kammala nata ba sai Nuwamban 2006. Kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita bambancin da ke tsakani a farkon 2007, amma Shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu. Sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaba kwana 30, bayan nan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tsallake shi, kamar yadda aka yi a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Wannan karon zaɓe ya ɗauke hankalin kowa, ƙudurin ya sake mutuwa.

'Yar majalisa Abike Dabiri, wadda tsohuwar 'yar jarida ce, na cikin waɗanda suka tashe shi a majalisar da ta biyo baya. A 2008 zauren ya ƙi duba shi, har wasu 'yan majalisa na nuna fargabar cewa makami za a miƙa wa 'yan jarida. Ba abin mamaki ba ne, tunda takardun majalisar ma ba su fita daga hurumin dokar ba.

Sai da wani zaɓen ya ƙarato sannan aka motsa. Wakilai suka amince ranar 24 ga Fabrairun 2011 ƙarƙashin Kakaki Dimeji Bankole, dattawa suka biyo baya a Maris, aka daidaita a Mayu. Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu ranar 28 ga Mayu, saura 'yan kwanaki majalisar ta watse. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar mai neman bayani, ta kuma yanka tarar naira 500,000 ga wanda kotu ta samu da laifin hana shi ba bisa ƙa'ida ba.