Igiyar Rama da Tarkon Zanguwa

A Zangwetin aka haife ni, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar Wagadugu, wanda aka rushe a 2003 don aikin ZACA. Cikin tarkacen da muka kwasa ranar tashi akwai wani ƙullin igiyar rama ta kakana, duk ta yi baƙi. Mahaifiyata ta so a yar, na hana.

Fatake ne suka kafa unguwar, masu ratsa ƙasar Mosi da jakuna zuwa Salaga sayo goro, tun kafin Faransawa su ci garin a 1896. Ayari ba ya tafiya sai da igiya: ta ɗaurin kaya, ta dabaibayi, ta guga. Siririyar cikinta kuwa ta tarko ce, domin tafiyar watanni ba ta yiwuwa da gari da kuka kaɗai. Inda aka yada zango da yamma, yaran ayari su bi sawun zomo ko fakara su ɗana, da asuba su zagaya.

Kakana bai yi fatauci ba, amma ya gaji tufkar. Yakan jiƙa karan rama a ruwa kwanaki har ɓawon ya saki, ya wanke, ya shanya, sannan ya murza zare biyu a kan cinyarsa. In babu rama, sai ɓawon kuka ko na kalgo. Kafin ya ɗana sai ya cuɗa igiyar da ƙasa, wai don warin hannu ya gushe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda yake sa zargen. A ƙasa yake shimfiɗa shi, don ya kama ƙafa, ba wuya ba. "Jikana, abin da igiya ta shaƙe mushe ne," in ji shi. Bamalami ne, kuma hukuncin a fili yake: sai an sami dabbar da rai an yanka ta. Rama tana riƙewa ba ta yanka fata, don haka fakara takan kwana lafiya har mai wuƙa ya iso. Aibinta ɗaya, gafiya na cinye ta ta tsere, ga damina na ruɓar da ita.

Wannan aibi ne ya ba waya ƙofa. Wagadugu garin kekuna ne, tsohuwar wayar birki ko'ina akwai ta. Ba ta ruɓewa, amma tana kashewa, kuma wadda aka manta a daji takan ci gaba da kisa ba mai ɗauka. A ganina ba ƙaramar asara aka yi a nan ba.

Sauran kuma gari ya ƙarasa. Fegin da kakana yake ɗana tarko duk gidaje ne yanzu. Bara na gwada murza zare a cinya don ɗana ya gani, ya tsinke sau uku, na mai da ƙullin cikin akwati.