Wurno: Daga Ribaɗi Zuwa Garin Noma

Garin Wurno yana arewa maso gabas da Sakkwato, bisa tudun da ke kallon fadamar Gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, domin tare hare-haren Gobirawa. Amma manufarsa ba ta tsaya ga yaƙi kaɗai ba. Ya nemi ya zaunar da Fulani makiyaya wuri guda, su rungumi noma da karatu, domin garin da ba ya ciyar da kansa ba ya iya tsaron iyaka. A nan Bello ya rasu a 1837, a nan kuma aka binne shi. Ɗansa Aliyu Babba ma ya zauna a Wurno, inda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a 1853.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aikin ribaɗi ya ƙare, fadama kuwa ta ci gaba da riƙe garin. A yau Wurno hedikwatar ƙaramar hukuma ce, an kuma san ta da noman shinkafa da albasa da tafarnuwa.