Sarautar Kano: Me Ya Rage Da Za A Rushe?

Tun rikicin sarautar 2024, lokacin da aka wayi gari da sarki a Gidan Rumfa, wani kuma a gidan Nasarawa, yaranmu 'yan makaranta ke ta cewa a rushe sarautar kowa ya huta. To, maganar nan ta girme su.

Tun 1950 'yan NEPU suka fara ja da mulkin En'e, kuma suna da hujja. A wancan zamanin kotu ta sarki ce, 'yan doka nasa ne, gidan yari nasa ne, haraji ma ta hannun hakimansa yake bi. Hajiya Gambo Sawaba ta zo Kano a farkon shekarun 1950 tana shiga gidaje tana yi wa matan kulle irinku bayanin siyasa. Aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta. Ku tambayi tsofaffin unguwa, wasunsu sun ga zamanin da idonsu.

Amma fa wannan sarautar an daɗe da fige ta. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e. Dokar 1978 ta miƙa filaye hannun gwamna. Abubakar Rimi ya hau a 1979, ya soke haraji da jangali. Duk da haka, da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma a 1981, gari ya kama da wuta, har aka kashe mai ba gwamna shawara, Dokta Bala Muhammad. Iko ya tafi, amma mutane ba su saki sarkinsu ba.

Yuganda ma ta gwada: Obote ya soke masarautu a 1967, aka dawo da su a 1993.

Ni dai a ganina, abin da ya rage shi ne wanda mu mata muka fi mora. Miji ya tafi ya bar ki da yara ba cefane, wa ake fara gaya wa? Mai unguwa. Yaro ya ɓata, gidansa ake kai cigiya. Ba takarda, ba kuɗin lauya, kuma ya san asalin gidanku.

Inda gizo ke saƙar shi ne alƙalamin gwamna. An sa Sarki Sanusi na ɗaya murabus a 1963. Ganduje ya raba masarautar gida biyar a 2019, ya tuɓe Sanusi na biyu a 2020, ya naɗa Aminu Ado Bayero. Abba Kabir Yusuf ya soke dokar a 2024, ya mayar da Sanusi, magana ta tafi kotu. Cikin shekara huɗu an sauya mai Gidan Rumfa sau biyu, kuma ba a tambayi ko mace ɗaya daga Yakasai ko Mandawari ba.