Zamanin da rana ce fitilar mai hoto

Yau shafin tarihi zai leƙa wata sana'a da wayar salula ta kusa shafewa, wato ɗaukar hoto a waje da hasken rana kaɗai, babu kuran, babu fitila.

Hoto dai tun haihuwarsa ɗan rana ne. Wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa da ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826 ko 1827. Sai da ya bar akwatinsa a buɗe awa takwas ko fiye, har rana ta zagaya ta haska gine-ginen ta ɓangare biyu. A 1839 aka bayyana dabarar Daguerre a birnin Paris, lokaci ya ragu sosai, amma duk da haka mai son hotonsa sai ya daskare, wani har a tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada ya motsa.

A ƙasarmu Nasara ne suka fara shigowa da akwatin hoto: sojoji, ma'aikatan mulkin mallaka, da matafiya irin ayarin motocin Citroën da ya ratsa Yamai da Damagaram a tafiyarsa ta 1924 zuwa 1925. Su abin da ya burge su suke ɗauka, su kai gida. Mutanen da ke cikin hotunan galibi ko suna ba a rubuta musu ba. Sai daga baya sana'ar ta shiga hannun baƙar fata, kuma da yawa daga masu hoton farko a biranenmu baƙi ne daga kudu, ƴan Togo, ƴan Dahomey da Yarbawa.

Abin da ya kai talaka gaban mai hoto kuwa takarda ce. Katin ɗan ƙasa, takardun lakwal, neman aiki, tafiya Makka, duk sai da hoto. Shi ya sa ake samun masu akwatin katako mai ƙafa uku a bakin kasuwa, ko kusa da meri da komisariya. Dattawanmu sun san shi. Yara kuwa bari in kwatanta muku, don akwatin nan shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wankin hoto. Mai hoto zai rataya ƙyalle a bango, ya zaunar da kai kan benci. Ba fim yake sawa ba, takardar hoto ce. Ba abin dannawa: murfin gilashin zai cire da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sannan ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin, ya tsoma takardar cikin magunguna da ke ciki. Abin da zai fito sai ka tsorata, fuskarka fari fat, farar rigarka baƙa ƙirin. Sai ya manna wannan takarda a wani ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukar hotonta, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. A ɗauraye a bokiti, a yanka da almakashi, ka tafi da abinka yana ɗanye.

To ƙirgar nan ta zuci ita ce sana'ar gaba ɗaya. Babu na'urar auna haske, ido ne. Hantsi da ƙirgarsa, la'asar da tata, ranar hadari daban, lokacin hunturu da hazo ya rufe sama daban. Kuma ba za ka ga gwani ya zaunar da mutum cikin rana tsaka ba. Ya san in rana tana bisa kai, ramin ido zai yi duhu, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya runtse ido kamar mai jin haushi. Ga wata matsala tamu ta nan: baƙar fata cikin farar shadda. In ka bi fuska riga ta ƙone, aikin ɗinkin wuya ya ɓace. In ka bi riga fuska ta nutse. Maganinsa inuwa mai haske, gindin bango ko bakin rumfa, inda rana ba ta dukan mutum amma sararin sama yana haska shi.

Wanda ya kai wannan ilimi ƙololuwa ɗan Bamako ne, Seydou Keïta. Ɗan kafinta ne, kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamara Kodak daga Senegal a 1935, ya buɗe wurin aikinsa a 1948. Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, gaban ƙyalle mai zane. Na farko ma abin shimfiɗar gadonsa ne. Yana ajiye rediyo, agogo, biro, tabarau, babur Vespa, har mota, duk wanda yake so ya ara ya fito da su. Kayan aiki na da tsada, don haka sau ɗaya yake ɗauka ga kowane mutum. Ku duba hotunansa a intanet: zanen atamfa da zanen ƙyallen baya suna gasa, amma fuska na nan sarai, har tsagen kumatu da kitso ana gani. A ganina babu wata fitilar studiyo da ta yi wa fatarmu adalci kamar tsakar gidan nan. A 1991 an baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka gano mai su. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka yi masa babban baje koli a Grand Palais na Paris.

Ƴan baya sun fita daga tsakar gida. Malick Sidibé, shi ma a Bamako, ya riƙa bin samari da ƴan mata bakin kogin Kwara ranar Lahadi, da dare kuma ya bi su gidan rawa da filashi. Mu ma a Yamai muna da namu, Philippe Koudjina, haifaffen Cotonou, wanda ya ɗauki rayuwar birnin ta shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014.

Daga shekarun 1980 hoto mai kala ya shigo, da labo masu inji. Mai hoto ya zama ɗan yawo, kyamara a wuya, daga biki zuwa suna zuwa filin idi. Fim mai hoto 36 ne, in naka ya faɗo a farko sai ka jira ya cika kafin a kai wanki, wani lokaci a wani gari. Sannan dijital, sannan salula. Yanzu yarinya za ta ɗauki hoto talatin ranar Sallah da ƙarfe ɗaya na rana, ta goge ashirin da tara, na ƙarshen ta sa masa filta har fuskar ta koma ta wata. Da ta matsa taku uku zuwa inuwar zaure, ta fuskanci waje, da ɗaya ya ishe ta. Ba waya ce ke da laifi ba.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin hotunan kansu. Gara na ci, damina na jiƙawa, ambaliyar shekarun nan ta tafi da akwatuna da yawa, kuma tsofaffin da za su ce wannan wane ne suna ƙarewa. Wanda ke da irinsu a gida ya fito da su da hantsi, ya shimfiɗa a inuwa, ya kashe filashin waya don kada takardar ta yi ƙyalli, ya ɗauki hotonsu. Ya juya baya kuma, don sau da yawa akwai hatimin mai hoton da sunan garin. Sai ya zauna da kaka ko baba ta faɗi sunaye, a rubuta da fensir. Wanda ya yarda ya turo mana nasa, da garin da shekarar, za mu kawo labarinsa a shiri.