Aman rana: Yadda ake gano abin da zai biyo baya a kusa da duniya

A ranar 1 ga Satumban 1859, wani masanin taurari ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana sai ya ga wani farin haske ya ɓarke a tsakaninsu. Bayan kimanin sa'o'i 17, wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, wasu har suna tartsatsin wuta.

An daɗe ana gardama kan ko abubuwan biyu suna da alaƙa. A 1892, fitaccen masanin kimiyya Lord Kelvin ya ce dacewa ce kawai. Abin da ya shige wa masanan duhu shi ne abin da ke ratsa tazarar kilomita miliyan 150 ya iso duniya. Sai a 1971 wani tauraron ɗan'adam na Amurka ya ɗauki hotonsa: gajimaren iskar gas mai ɗauke da lantarki da maganaɗisu, wanda rana ke amayarwa, nauyinsa kan kai tan biliyoyi.

Hasken ɓarkewar kan iso cikin minti takwas, ya gurɓata zangon rediyo na gajeren zango a ɓangaren duniyar da ke da rana. Gajimaren kuwa yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya.

Sai dai ganin ya taso ba ya nuna irin ɓarnar da zai yi. Idan maganaɗisunsa ya fuskanci kudu, sai ya sarƙe da na duniya, ƙarfinsa ya kwararo ciki. Idan arewa ya fuskanta, akasari sai ya wuce salin-alin. Ba a tabbatar da wannan sai ya iso kan taurarin sa-ido irin su ACE, kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Gargaɗin da ke saura a lokacin bai cika wuce sa'a guda ba.

A ranar 13 ga Maris 1989, irin wannan guguwa ta katse wutar lardin Quebec na Kanada tsawon sa'o'i tara. Ta Fabrairun 2022 kuwa ƙarama ce, amma ta ɗumama saman iskar duniya har ya kumbura, ya rage gudun sababbin taurarin Starlink. Cikin 49 da aka harba, 38 suka faɗo suka ƙone.