Binciken Kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962. Binciken da malamanta suka fi shahara da shi a karkara shi ne na noma da kiwo.

Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda ta faro tun 1922, ita ke da alhakin inganta irin masara, dawa, gyaɗa, auduga da wake. Sunayen irin da take fitarwa suna farawa da SAM, wato Samaru: SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga, SAMPEA kuwa wake. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta amince da SAMPEA 20-T, wake mai jure wa tsutsar maruka, wanda ke rage yawan feshin magani.

A ɓangaren kiwo, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, wadda ke jure zafin ƙasarmu.

Ana shawartar manoma su tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsu kafin sayen iri, domin kowane iri da yankin da ya dace da shi.